Kurmin da Na Sare a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Jama'a, sallama gare ku. Abin nan da zan ba ku a Makka ya faro, a unguwar Misfala, lokacin babban yaƙin Turawa na biyu, kuma wallahi tallahi a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba. Sunana dai ku yi haƙuri ba zan faɗa ba, jikokina suna nan suna ganin mutuncina, in kun ji labarin za ku gane dalili.

Ni ɗan Takari ne, kamar yadda ake ce mana a nan. Iyayena da ƙafa suka taho daga ƙasar Hausa, ta Barno, ta Sudan, ina goye a baya, a Makka na yi wayo. Sana'ata ga-ruwa, sagga in ji Larabawa, garwa biyu a jikin sanda a kafaɗa, ina hawa benayen masaukan alhazai tun safe har ƙafa ta daina ɗaukata. To da yaƙi ya yi zafi sai jiragen ruwa suka daina kawo alhazai sai ɗai-ɗai, masaukai suka koma wayam, wa zai sayi ruwanka? Ina da shekara talatin da wani abu lokacin, ga matata Hajara, ga 'ya'ya mata biyu, Rabi da Ummi, akwai ranar da busasshiyar gurasa muka jiƙa a ruwa muka ba yaran, mu kuma muka ce musu mun riga mun ci.

Hajara ce ta tuna mini. Ta ce, "Baban Rabi, ba ka ce marigayi babanka yana da amini a bakin teku ba? Ko kifi ne ai abinci ne."

Haka na bi wani mai raƙumi, tafiyar kwana biyu da yini, zuwa wani ɗan ƙauyen masunta a kudu da Jidda, bukkoki ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Aminin nan na babana sunansa Baba Mamman Basarke, cikin Sarkawa masunta, mutumin Yawuri, tare suka ƙetaro ruwa da iyayena. Shi da ya sauke farali sai ya ce ba zai iya zama a garin da ba ya jin ƙarar ruwa ba, ya gangara gaɓa ya zauna cikin Larabawa masunta, bai yi aure ba, bai koma gida ba. Da na faɗa masa ko ni ɗan wane ne sai ya kama fuskata da hannu biyu yana shafawa, a nan na gane yana ta rufe masa ido, haske kawai yake bambancewa da duhu. Ya ce, "Hancin Garba ne wanga. Zauna, ɗana, ka zo gida." Ya raba kifinsa biyu ya ba ni babban ɓarin.

Yanzu bari in gaya muku abin da tsohon nan yake yi, don in ba ku san shi ba ba za ku san girman abin da na aikata ba.

A gaban ƙauyen, in ka wuce inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji, akwai wata ciyawa da ke fitowa a kan duwatsun ƙasan teku. Ni da na ce ciyawa kada ku ɗauka irin ta fadama, a'a, ruwan ƙasa ce, doguwa, wata ta fi tsayin mutum, tana da wasu 'yan ƙwallaye kamar 'ya'yan kanya ƙanana masu iska a ciki, su ke miƙar da ita tsaye, in ka leƙa ta sama sai ka ga daji sosai yana rangaji, ƙananan kifi na shiga suna fita kamar tsuntsaye. Baba kurmi yake ce mata. Guda uku ne a wurin, ya raɗa musu sunayen garuruwan gida: Yawuri, Argungu, da wani ɗan ƙarami da yake kira Ngaski. Ya ce a ciki kifi ke ƙyanƙyasa, a ciki yake girma, in kurmi ya tafi kifi ya tafi.

Kuma tafiya suke yi, wallahi, ni ma da farko dariya na yi. Shekara talatin yana auna su. Kowace shekara in sanyi ya shigo, ciyawar ta cika, sai ya ɗaura doguwar igiya a jikin wani dutse da ya leƙo saman ruwa, kowane kurmi da nasa dutsen, ya tuƙa kwalekwale ya nufi cikin teku yana sakin igiyar gaba-gaba, kowace gaba tsawon buɗe hannu biyu, yana ƙirgawa, har ya iso daidai inda ciyawar ta fara. In ya dawo sai ya ɗauki guntun zare ya ƙulla adadin. Zarurrukan nan suna nan rataye a rufin bukkarsa jere, shekara bayan shekara, sai ya miƙa hannu ya shafa ɗaya ya ce maka, "Wagga shekara anka yi zafin da ruwa yay yi ɗumi kamar na wanka, Ngaski ya ɓace ƙaƙaf, sai da ya shekara bakwai ya dawo, kuma ba inda ya bari ya dawo ba." Ya shafa wani ya ce nan Argungu ya fara ja kudu, kaɗan-kaɗan, har yau bai tsaya ba. In ya ga kurmi ya ja baya sai ya tara masunta ya ce a bar shi ya huta, kada a ja taru a kansa, kuma suna ji, har shugabansu Marzuƙu, wani ƙaton Balarabe mai faɗa, in Baba ya yi magana sai dai ya ce, "Tayyib, ya ammi," wato to, baffa.

Da idonsa ya mutu ne aikin ya tsaya masa, sai ga ni Allah ya kawo. Ya koya mini tuƙi da filafili, ya ba ni wata garwa da aka cire gindinta aka liƙa gilashi, in ka dulmiya ta a ruwa ka sa fuska sai ka ga ƙasa tar. Ni ina gaba ina tuƙi ina leƙe, shi yana baya igiya na bi ta yatsunsa, in na ga bakin kurmi sai in ce, "Baba, nan ne," ya danne igiya ya faɗi adadi. Shekara biyu muna haka, ban ƙara ban rage ba. Ina kama kifi ina busarwa ina aika wa Hajara, in na samu hali in je Makka in gan su in dawo. Yaran suka yi kumatu. Duk a inuwar tsohon nan.

Sai yaƙi ya ƙare, alhazai suka fara dawowa. Wani zuwa da na yi Makka na haɗu da wani mai ɗinkin katifa a Misfala, Salihu, shi ma ɗan Takari ne, mun taso tare. Yana ta kukan auduga ta yi wuya, ga masu masaukai suna neman shimfiɗu masu araha na talakawan alhazai. Ya ga wani ɗan matashin kai da na zo da shi, wanda na cusa wa busasshiyar ciyawar da igiyar ruwa ke watsowa gaɓa, ya matsa ya matsa, ya ce, "Ya shaihu, mene ne wannan? In aka haɗa da tsumma da zaren dabino ai halas, an gama. Akwai da yawa?" Na ce daji guda. Ya ce in kawo duk abin da raƙumi zai iya ɗauka.

Da wadda ruwa ya watso na tsaya, da babu laifi. Amma ba ta da yawa, kuma a ruɓe take. A shekarar kuwa Baba ya sa an bar Yawuri ya huta don ya ɗan ja baya, babu mai zuwa wurin, ga shi a bayan wani tudun yashi, ba a hango shi daga bukkoki. Kun ga yadda Shaiɗan ke gyara wa mutum hanya. In rana ta take, masunta suna can nesa, Baba ya kwanta ƙailula, sai in ɗauki kwalekwalensa, nasa fa, da lauje ɗaure a gora. Da na ga lauje na ɓata mini lokaci sai na samo ƙugiyar ƙarfe ina ja, tana tumɓuko ta har da saiwar da ke riƙe da dutse, alhali tsohon nan ya sha gaya mini in saiwa ta tafi an gama. In shanya a bayan tudu, mai raƙumi ya zo ya ɗaure ya wuce. Ban taɓa tsayawa na duba yawan abin da na cire ba, don ba na so in sani.

Sanyi ya zagayo, muka fita awo. Muka ɗaura igiya a dutsen Yawuri, na tuƙa, na leƙa ta garwa, jama'a, sai farin dutse da yashi, kamar kan da aka aske da reza. Baba yana ƙirgawa a bayana, tara, goma, sha ɗaya, bara a sha uku muka tsaya. Yana cewa sha biyu na ji bakina ya ce, "Baba, nan ne."

Ya ce, "Sha biyu? Alhamdu lillahi, ya matso. Hutun ya karɓe shi." Har da 'yar dariya. Ya ƙulla zarensa, ya tara masunta ya ce Yawuri ya warke, a koma. Suka koma da taruna, ɗan abin da ya rage mai rauni suka tattake shi, ni kuma ban daina ba, ina bi ta gefe ina ƙarasawa.

Kafin shekara ta zagayo kifin gaɓa ya ɗauke. Mutanen da ke cika kwando kafin hantsi suka koma sai sun yi nisa cikin teku a 'yan kwalekwalen da ba na nisa ba, mata suka fara dafa abin da da ake zubar wa kyanwa. Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar bukka sai ga Marzuƙu, ko sallama bai yi ba, ya tsaya a kan Baba ya ce, "Ya ammi, ka ce ya warke. Ɗana ya nutsa ya duba, babu komai a wurin, ko na shafawa. Ka tsufa, halas, an gama. Ka bar mu da tekunmu, ka riƙe zarenka ka yi tasbihi da shi." Ya juya ya tafi. Daga ranar babu wanda ya ƙara zuwa tambayarsa komai, yara ma in sun wuce sai su riƙa ƙirga da ƙarfi suna dariya.

Bayan tafiyar Marzuƙu, Baba ya gyara zamansa. Can ya juyo da fararen idanun nan wajena ya ce, "Ɗana, ranar nan, mi kag gani? Ka tabbata ka duba da kyau?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Kun san me na ce? Na ce, "Wallahi Baba, na rantse da Allah ciyawa na gani, sai dai ko bayan nan wani ciwo ya same ta." Ni da nake ɗan Makka, wanda ya yi ɗawafi ba adadi. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, shi ke nan."

Da sanyi ya sake shigowa na ɗauka ba zai fita ba tunda ba mai sauraronsa, sai ya tashe ni bayan sallar asuba ya ce mu je, ba don su yake yi ba. Muka bari rana ta fito sosai don ganin ƙasa. Ranar teku kwance take lumui, babu iska ko ta kaɗa gashin kaza, ruwa garau kamar ba ruwa. Muka gama Ngaski, muka gama Argungu, waɗannan gaskiya na faɗa. Muka zo Yawuri. Na riga na shirya a raina zan ce sha biyar, in ce ya ɗan ja baya, a wuce wurin. Yana cewa sha biyar na ce, "Baba, nan ne," na kafa filafili na tsai da kwalekwale, ya tsaya cak, na ɗora filafilin a cinyata.

Sai kwalekwalen ya motsa.

A hankali, ba fizga ba, kamar yadda ake jan jaki mai kaya. Hannuna biyu suna kan garwa, filafili na cinyata yana ɗiga. Igiya ta ci gaba da bi ta yatsun Baba, na juya na dube shi, bai ce me ya faru ba, bai ce ba ka ce nan ne ba, sai kawai ya ci gaba, "Sha shida. Sha bakwai." Na dubi sama babu iska, na dubi ruwa, wani ɗan ganye da ke yawo kusa da mu yana nan inda yake, mu ne kaɗai ke tafiya. Innalillahi. Na sa fuska a garwa.

Akwai wata guntuwar igiya a hancin kwalekwalen da muke ɗaure shi da ita a gaɓa, kullum tana reto a ruwa. Na gan ta a miƙe, kuma akwai mai riƙe da ita. Mutum ne yana tafiya a ƙasan teku da ƙafafunsa, zurfin ya kai gaba biyu, yana taku ɗai-ɗai, duk inda ya sa ƙafa yashi na ɗan tashi. Dogo ne, sanye da wani abu ruwan ƙasa mai yage-yage da ke bin bayansa yana lilo, har yau ban sani ba ko tufa ce ko ciyawar ce. Kada ku ce mini mai nutso ne, na zauna da masu nutso, na san yadda suke harba ƙafa, na san kumfar da ke fita daga hancinsu, na san iyakar numfashinsu. Wannan ko ƙwayar kumfa babu, kuma ba ya sauri. Na so in yi salati harshena ya ƙi, na so in ɗago wuyana ya ƙi, ina jin muryar Baba a bayana kamar daga cikin rijiya, "Ashirin da biyar. Ashirin da shida," ina kallon farin dutsen da na aske yana wucewa a ƙarƙashina, har da sawun ƙugiyata a jiki, layi-layi.

A talatin da ɗaya muka tsaya, daidai inda 'yan guntayen ciyawa suka fara. Ya saki igiyar. Ya juyo ya ɗaga kai ya dube ni ta cikin gilashin nan.

Mutane in suna ba da irin wannan labari sai su ce ido ja, haƙora waje. Wallahi da haka na gani da ya fi mini sauƙi. Fuska ce irin ta mutane, ba tsoho ba ba yaro ba, ban san shi ba, kuma babu fushi a cikinta. Irin kallon nan ne da babba ke yi maka in ka yi abin kunya a gaban baƙi, ya rasa ma abin da zai ce. Ya daɗe yana yi mini shi. Sannan ya sunkuya ya shafa wani guntun kututture da tafin hannu, ya miƙe ya shiga cikin ɗan ragowar kurmin, ciyawa ta rufe bayansa.

Baba ya ce, "Talatin da ɗaya." Ya naɗe igiyarsa. Ya ce, "Mu koma, rana ta yi." Yadda na tuƙa mu zuwa gaɓa ban sani ba, na dai san na jiƙa wandona, kuma ba da ruwan teku ba. Muka isa bukka ya zauna ya ƙulla zarensa, ƙulli talatin da ɗaya, ina kallo, ya rataye kusa da na bara mai sha biyu. Ya turo mini kwanon abinci. Ya ce, "Ci. Gobe mai raƙumi zai wuce, ka bi shi ka ga iyalinka, ka daɗe." Washegari na bi raƙumi na gudu.

Na iso Makka alhazai sun watse, gari ya yi sauƙi. Na ce a raina na bar teku ke nan har abada, in koma garwata. Kwana huɗu da dawowata, da azahar, Salihu ya aiko a kira ni maza. Na same shi a ƙofar ɗakin da ake jibge katifun in aikin hajji ya wuce, ya toshe hanci da gefen rawani. Ya ce, "Ta'al, zo ka ga abin da ka sayar mini."

Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana bin rariya. Ku tuna fa Makka ce, an yi wata da watanni ko ɗigo bai sauka ba, ɗakin kuma a sama yake, babu randa babu tulu. Katifun nan hajji biyu aka yi ana kwana a kansu a bushe ƙamas. Na dangwala yatsa na sa a harshe, gishiri. Salihu ya zaro wuƙa ya farke ɗaya, sai ga ciyawa ta zubo, ɗanya shar, mai santsi, 'yan ƙwallayen nan a cike da iska kamar yanzu na tumɓuko ta. Wata 'yar ƙaguwa da ba ta fi farcen babban yatsa ba ta fito daga ciki, ta bi ta kan ƙafar Salihu da gudu ta shige ƙarƙashin sauran. Ya yi tsalle yana a'uziyya. Ya ce, "Ni ban san inda ka samo wannan ba, kuma ba na so in sani. Ka kwashe kafin masu masauki su ji."

Da na koma gida Hajara ta ga yadda nake, ta kori yaran waje ta ce, "Baban Rabi, tun da ka dawo ba ka haɗa ido da kowa. Me ka yi?" Na gaya mata, ban da abin da na gani a ƙasan ruwa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Tsohon da ya ciyar da 'ya'yanka? Da kifinsa fa na yaye Ummi." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta ƙofa ta ce, "Ka mai da musu abinsu, ka je ka faɗa masa da bakinka."

Raƙuma uku muka ɗaura wa, suna tafiya ruwa na ɗiga a yashi har muka isa. Na farke katifun a bakin gaɓa na tura ciyawar cikin ruwa, daga tsaye, ko idon sawuna ban bari ya shiga ba. Sannan na nufi bukka.

Na tarar da Baba a kwance, 'yan kwanakin nan kaɗai ya zube kamar an shekara. Na durƙusa na faɗa masa komai, lauje, ƙugiya, Salihu, sha biyun ƙarya. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na sani, ɗana. Tun bara nike jin warinta a rigarka, kuma kwalekwalena in na shafa shi da la'asar sai in ji shi jiƙe."

Na ce, "To Baba, me ya sa ka ƙulla? Me ya sa ka bar Marzuƙu ya ci mutuncinka?"

Ya ce, "Farko ban so in yarda ba. Da na tambaye ka kuma, ka rantse da Allah. Ɗan Garba ya rantse da Allah, ni kuma in gaskata hancina?"

Na ce zan je in tara su in faɗa musu ni ne. Ya riƙe mini hannu ya ce kul, mutanen nan yunwa ta taɓa 'ya'yansu, ba za su bar ni in kai Makka da ƙafafuna ba, shi kuwa an riga an ce ya tsufa, tsufan kuma gaskiya ne. Na yi kuka kamar mace mai takaba. Sai ya shafa kaina ya ce abin da har gobe shi ke hana ni sakewa. Ya ce, "Bar kuka. Ai ni tun ranar awo na yafe maka. Bakinka ya ce sha biyar, amma hannunka ya ƙi, kat tuƙa mu har inda gaskiya take. Ko ƙarar filafili ban ji ba, na ce kunya ce ta sa yaron ga yake tuƙi a hankali. Nan na san jinin Garba bai mutu ba."

Jama'a, na buɗe baki in ce ba ni ba ne. Wallahi na buɗe. Na dubi fuskarsa yadda ta saki, yana murmushi, sai na rufe bakina. Na karɓi yabon abin da ban yi ba, a hannun mutumin da na riga na ci amanarsa sau biyu. Wani lokaci in ce tausayinsa ne ya hana ni, amma ni na san ba shi kaɗai ba ne, daɗin yabon ma na ji.

Bayan kwana tara ya rasu, muka binne shi a bayan tudu, Marzuƙu ne ya yi masa salla, mutane ba su fi sahu ɗaya ba. Ni kaɗai na iya karanta zarurrukan nan a duk duniya, na bar su a rataye na koma Makka. Daga baya na ji an kwance su an yi ɗinkin taru da su.

Sai bayan shekara goma sha wani abu na sake taka wurin, lokacin an fara zuwa da mota, na raka mijin Rabi sayen busasshen kifi. Ƙauyen ya ragu, rabi sun koma Jidda. Ɗan Marzuƙu, wanda ya yi nutson nan, ya zama magidanci, bai gane ni ba. Na tambaye shi kurmi kamar baƙo. Ya ce na bayan tudu bai sake fitowa ba ko tsinke, na tsakiya ya yi kudu har ya wuce inda suke zuwa, wani sabo kuma ya fito a arewa, babu wanda ya san yaushe, don babu mai dubawa. Sai ya rage murya ya ce su dai ba sa bi ta bayan tudun nan in teku ta kwanta. Na ce saboda me? Ya ce in kwalekwale ya ratsa ta wurin, wani lokaci sai ya tsaya da kansa, ka yi ta tuƙi ba ya gaba ba ya baya, sai a ji an ƙwanƙwasa gindinsa daga ƙasa, sau biyu, a hankali, irin na mai sallama a ƙofa. A ɗan jima kamar ana sauraron muryoyin waɗanda ke ciki, sannan a sake su.

Ya ce, "Babu wanda aka taɓa cutarwa. Tsofaffinmu cewa suke kamar wani ake nema." Ya dube ni ya ce, "Ya hajji, ruwa kwance yake yau, in kana so in kai ka ka gani."

Na ce masa ƙafata na ciwo.

Ban san ko mene ne ba, kuma na tambayi malamai biyu a Harami, ɗaya ya ce aljanin ruwa, ɗaya ya ce in yi istigfari in daina tambaya. Abin da zan ce muku kawai, in wanda ba ya gani ya ce ku duba masa, to ku faɗa masa abin da ke wurin, ko da ku ne kuka ɓata shi, ku faɗa tun a tambayar farko, don ta biyu ta fi wuya. Abin da kuma kuka tarar yana tsaye a wurinsa, a tudu ne ko a ruwa, kada ku ce ba shi da mai shi don kun waiga ba ku ga kowa ba. Ni yanzu na haura tamanin, a bene na uku nake kwana a unguwar Mansur, tsakanina da teku tafiya ce mai nisa, amma har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu a hankali, ba na amsawa sai na ji muryar mai shi.